Yadda na koma kai mutane kallon kunkuru a Ikwado

Ofishina ɗaki biyu ne a Kano, ni da yara uku, ɗaya yana kan kwamfuta yana yankan tikiti, ɗaya yana zirga-zirgar fasfo da takardu, sai yarinyar da ke amsa waya da WhatsApp. Abin da ke ciyar da mu dai kowa ya sani, Umara ce, sai tikitin Dubai da Alƙahira, masu zuwa asibiti Indiya da 'yan kasuwar Gwanzu. Ikwado kam ko a mafarki ba ta cikin lissafina, sai da wani tsohon kwastomana, likitan dabbobi da ya yi ritaya, ya shigo wata rana bayan la'asar ya zauna ya ce Alhaji so nake ka kai ni Galapagos kafin gwiwar nan ta ƙi. Na ce Dakta ina ne kuma nan? Ya yi dariya ya ce tsibirai ne a tekun Fasifik, kusan kilomita 1,000 daga gaɓar Ikwado, tun yana ɗalibi a Zariya yake karanta labarinsu. Na ce ranka ya daɗe a ba ni sati biyu. Ƙarshenta dai ni da kaina na bi su Dakta, don ba na iya sayar da abin da ban gani ba.

Tun a hanya aka fara. Babu jirgin da zai ɗauke ka daga Najeriya ya sauke ka Kito babban birnin Ikwado kai tsaye, kuma mai koren fasfo sai da bizar Ikwado. Na ga KLM na tashi daga Amsterdam zuwa Kito, Iberia kuma daga Madrid, na ce to ai an gama. Saura ƙiris na yanka tikiti yaron ofis ya ce Oga ka duba maganar taransit. Ashe ɗan Najeriya ko bai fita daga filin jirgi ba a ƙasashen Turai na Shengen sai da bizar wucewa, sai dai in yana da wata bizar da ke ɗauke masa ita kamar ta Amurka ko Kanada. Dakta yana da ta Amurka, Hajiyarsa ba ta da ita. Da an yanka tikitin nan wallahi da a gaban kanta za a dawo da ita, kuma ni za a zaga. Yanzu duk wanda ya zo min da maganar nan kafin mu yi zancen kuɗi sai na ce miƙo fasfo, in ga bizojin da ke ciki da katin rigakafin shawara. Wanda ba shi da komai mukan bi da shi ta Istanbul zuwa Bogota ko Panama, ko ta Addis zuwa Sao Paulo, kuma ko nan ɗin sai na sake tambayar ƙa'idar wucewa a satin tafiyar, don abin canzawa yake.

Kito, su Quito suke rubutawa, ina ajiye mutanena kwana uku a cikinta kuma ba don daɗin garin kawai ba. Jirgin ruwan Galapagos ba ya jiran kowa. Ranar da ya ce zai tashi zai tashi, in jirgin samanka ya makara ko jakarka ta tsaya a Bogota to kuɗinka sun bi ruwa, babu wanda za ka kira ya ce a ɗan jira Alhaji yana hanya. Kwanakin nan uku su ne garkuwata. Sannan ga tudu, garin yana kan kusan mita 2,850 sama da teku, mutumin da ya taso daga Kano in ya sauka sai ya ji numfashi na yi masa gardama, ɗan hawa bene sai haki, wani har ciwon kai. Ranar farko ba na sa komai, a sha ruwa a kwanta. Motar igiyar nan da ke hawa dutsen Pichincha har kusan mita 4,000 sai rana ta ƙarshe, kuma mai hawan jini ina ce masa ya tambayi likitansa tun daga gida.

Tsohon garin kuwa ya cancanci a taka da ƙafa. Turawan Sifaniya ne suka kafa shi a 1534 a kan kufan garin mutanen Inka, tituna 'yan siriri da aka shimfiɗa da dutse, gidaje masu baranda, fadar shugaban ƙasa tana nan a Plaza Grande kana tsaye kana kallon masu gadinta ga tsofaffi a kan benci ga masu goge takalmi. A 1978 da UNESCO ta fara fitar da jerin wuraren tarihi na duniya, Kito da Galapagos duk suna cikin rukunin farko. Amma abin da na koya shi ne in faɗa wa kwastoma tun a ofis cewa yawancin abin kallon garin coci ne. La Compañía an fara gininta a 1605 ba a gama ba sai 1765, cikinta kusan ko'ina an lulluɓe da ruwan zinare, ga San Francisco da ƙaton filinta. Wasu suna shiga su ga aikin magina, wasu su ce su dai a waje za su tsaya, ni ba na matsa wa kowa. Akwai wata cocin ma, Basílica, da aka sassaƙa kunkuru da ƙadangarun ƙasar a jikin bangonta ta waje, wannan ko daga titi ana gani, Dakta ya fi minti ashirin yana ƙirga su. Sai a je Mitad del Mundo, hasumiyar layin tsakiyar duniya, a yi hoto ƙafa ɗaya a arewacin duniya ɗaya a kudu, ko da yake ainihin layin yana ɗan gaba da hasumiyar da kusan mita 240, amma hoto dai hoto ne.

Abinci shi ne inda nake buɗe ido sosai. Mutanen tsaunin nan suna son alade, hornado da fritada duk shi ne, kuma akan yi suya da kitsensa ko a abin da ba ka zata ba. Na rubuta ɗan kati da Sifaniyanci kowa ya sa a aljihu, ba alade ba kitsen alade ba giya. Miyar dankalin nan mai cuku da fiya da suke kira locro ita ce ta cece mu, sai kifi da shinkafa. Wani abin sha mai zafi mai ƙamshin kirfa da ake sayarwa da daddare a titin La Ronda, canelazo, da giya ake haɗa shi, saura kaɗan wani Alhaji ya kurɓa yana zaton shayi ne. Akwai masallaci a Kito, in Juma'a ta faɗo ina tsara mota.

Ranar tafiya tsibiran asubanci ake yi. Filin jirgin yana wajen gari, tafiyar kusan awa guda, kuma kafin a karɓi jaka sai kana da katin shiga na dala 20, sai masu binciken kaya su duba ko ka ɗauko iri ko ɗanyen abu ko ƙasa a takalmi. Nan aka raba wani bawan Allah da goronsa, ya ɓata rai har muka sauka, tun daga nan nake cewa goro, dabino, kilishi, duk a cinye ko a bar su a otal a Kito. Yawancin jirage suna ɗan yada zango a Guayaquil sannan su sauka tsibirin Baltra ko na San Cristóbal. Da saukarka sai kuɗin gandun daji, da dala 100 ne, daga 1 ga Agustan 2024 ya koma dala 200 ga babban baƙo. Ina sa kowa ya riƙe tsabarsa a ambulan daban. Abin sauƙin shi ne Ikwado dalar Amurka take kashewa tun shekarar 2000, babu wahalar canji, sai dai ka nemi ƙananan takardu don mai shago ba ya son ganin ɗari.

To a nan ne sana'ar take, wato zaɓen jirgin ruwan da zai zaga da ku tsibiran. Mutane suna tambayata wanne ya fi kyau, ni kuma ina tambayarsu me kake so ka gani. Hukumar gandun ce ke ba kowane jirgi hanyarsa, da ranar da zai tsaya a wane wuri da safe ko da yamma, kuma ba a komawa wuri ɗaya sai an zaga kusan sati biyu. Kyaftin ba shi da ikon karkata ko nawa za ka ba shi. Jirgi mafi girma mutum 100 yake ɗauka, ni na fi son ƙananan masu mutum 16, don dama ɗan rakiya ɗaya mai lasisi mutum 16 ne iyakarsa, kun ga jirgin ya zama kamar gida ɗaya, kuku ma ya san wanda ba ya cin me. In mutum yana son duwatsu masu aman wuta sai yamma, Isabela da Fernandina, inda ƙasar baƙa ƙirin ce kamar an zubar da kwalta ta daskare, kuma abin ba tarihi ba ne, dutsen Fernandina ya yi amai a Maris na 2024, dutsen Wolf na Isabela kuma a 2022. A can ake ganin tsuntsun ruwan nan da fukafukinsa suka ƙanƙance ba ya tashi, da fengwin tsuntsun ƙasashen sanyi, e fengwin a kan layin tsakiyar duniya, saboda ruwan sanyi da ke kwararowa wurin. In kuma albatros, ƙaton tsuntsun teku, yake so sai tsibirin Española, kuma sai tsakanin Afrilu da Disamba, in ka kai shi a Fabrairu ka ci amanarsa.

Abin da ke ba mutanenmu mamaki ba girman dabbobin ba ne, rashin tsoronsu ne. Mu da muka saba ko ƙadangare ya hango yaro sai ya arce, sai ga ka kana ɗaga ƙafa kana tsallake ƙadangarun teku da suka yi tuli suna shan hantsi suna atishawar gishiri, ko kallonka ba sa yi. Tsuntsu mai shuɗiyar ƙafa yana yi wa macensa rawa a tsakiyar hanya, kai ne za ka kauce. Zakin teku, wata dabbar ruwa, ya haye benci ya yi barci. Doka ta ce mita 2 tsakaninka da dabba, ba taɓawa, ba ba da abinci, ba filasha, ba fita daga turba, ko ɗan dutse ba a ɗauka. Wani kwastoma ya miƙa hannu zai shafa bayan kunkuru a tudun Santa Cruz, yarinyar da ke mana rakiya, ba ta kai 'yarsa ba, ta tsawatar masa a gaban kowa. Da daddare ya same ni ya ce Alhaji da kuɗina? Na ce Yallaɓai nan ko shugaban ƙasa ne haka za ta yi masa, a yi haƙuri. Laifina ne ban faɗa masa tun a Kano ba, yanzu har takarda nake sa a sa hannu.

Dakta kam kunkuru ya kai shi. A cibiyar binciken Darwin da ke garin Puerto Ayora a Santa Cruz ya tsaya gaban gawar Lonesome George, na ƙarshe a jinsin kunkurun tsibirin Pinta da ya mutu a Yunin 2012, ya daɗe bai ce komai ba. Shi ya ba mu labarin yadda masu farautar kifin whale suke lodin kunkuru a jirgi da rai, don yana iya watanni ba ci ba sha, nama ne da ba ya ruɓa. Da kuma yadda awakin da mutane suka kawo suka cinye ciyawar tsibiran har aka bi su da helikwafta aka harbe fiye da 100,000. Hajiya ta ce innalillahi, duk wannan naman, ba a kai wa mabuƙata ba? Har ɗan rakiya sai da ya yi dariya da aka fassara masa. Darwin kansa, masanin halittun da aka sa wa cibiyar sunansa, sati biyar kawai ya yi a wurin a 1835.

Wahalar jirgi kuma ba na ɓoye ta. Daga Yuni zuwa Nuwamba ruwa na da sanyi da tangaɗi, mai jiri zai sha wuya, dattijai na fi kai su tsakanin Disamba da Mayu. Sauka ma iri biyu ce, wata a kan dutse wata cikin ruwa har gwiwa daga ɗan kwale-kwalen roba, don haka babbar riga da atamfa su zauna a jaka, wando da takalmin ruwa ake so. Alƙibla kuwa jirgi na juyawa, mu dai mukan duba waya lokacin tayar da sallah, kuma mu matafiya ne ana ƙasaru. Awa 7 ne tsakanin can da gida, masu kasuwa su sallami waya kawai.

Riba? Ba kamar yadda ake zato ba. Kamasho nake samu daga masu jirgi, sai ɗan abin da na ɗora na wahalata, kuma kafin alƙalami ake biya watanni kafin tafiya don gurbi 16 ba ya jira. A 2023 na yi wautar yanka wa mutum huɗu farashi da naira, a watan Yuni aka saki naira dala ta yi sama, cikon kuɗin daga aljihuna ya fita, ribar Umarar Ramadan ɗin shekarar kaf a nan ta tafi. Tun daga ranar da dala nake magana, kuma inshora dole. Wani eja a can ma ya taɓa canza mana jirgi ana saura kwana tara ya ce injin ya lalace, wanda ya ba mu bai kai na farko ba, da ƙyar na ƙwato bambancin, na daina aiki da shi. A shekara in na kai rukuni biyu na gode Allah. Wanda ya tambaye ni akwai wurin sayayya kuwa, kai tsaye nake ce masa Dubai ta fi dacewa da shi, ga tikiti.

A tsibirin Floreana akwai wata ganga da matuƙa jirgi suke ajiye wasiƙa tun ƙarshen ƙarni na 18, ba kan sarki ba komai, duk wanda ya zo ya duba in akwai ta garinsu ya ɗauka ya kai da hannunsa. Duk zuwan da na yi sai na zazzage katunan ko zan ga na Najeriya, Jamus ce da Amurka da Ostareliya. A zuwan farko na jefa nawa da adireshin ofis. Yarinyar ofis har yanzu in baƙon fuska ya shigo sai ta ce Oga ko katinka ne ya iso.