Kafin ka ɗauko kwikwiyo, tambayi gashinsa tukuna

Yawancin masu neman kare abu uku suke tambaya, girmansa nawa in ya girma, yana gadi, yana cizon yara. Maganar gashi kuwa sai bayan wata shida ake tunawa da ita, lokacin da kushin da kafet da kujerar mota duk sun cika da gashi, kaima in ka saka baƙin wando ka zauna shikenan ka tashi da shi. Ni dai abin yana damuna sosai, don na ga yadda ake tsanar kare a kan abin da ba laifinsa bane, a ɗaure shi can bayan gida ko a nemi wanda za a tura ma wa, alhali tun ranar farko irinsa ya nuna abin da zai zo.

Tsawon gashi baya nuna yawan zuba, wannan ne mutane suka fi kasa ganewa. Labrador gashinsa gajere ne amma yana cikin masu zubarwa sosai, haka Pug, haka Dalmatian wanda nasa gashin ƙanana ne masu tauri, suna sokewa cikin yadi kamar ƙaya, tsintsiya bata fitar dasu sai ka bi da hannu. Poodle kuma da zaka ganshi buzu-buzu kace zai cika maka gida, kusan ba ka ganin gashinsa a ƙasa.

Dalilin yana cikin irin gashin. German Shepherd, Husky, Golden Retriever, Akita, Samoyed, Pomeranian duk gashi biyu garesu, na sama mai ɗan tauri da ke tare ruwa da rana, sai na ƙasa mai laushi mai kauri da ke riƙe ɗumi. Wannan na ƙasan ne suke zubarwa da yawa kamar sau 2 a shekara in yanayi ya juya, kuma tsawon hasken rana yana cikin abin da ke tada zubar, shi yasa karen da ke kwana cikin ɗaki ƙarƙashin fitila sau da yawa nasa baya da lokaci, kaɗan-kaɗan yake zuba duk shekara. In lokacin ya zo zaka sa hannu a cinyar Husky ka ja a hankali gashi ya biyo ka dunƙule guda, shi ko a jikinsa, ka taje yau ka cika leda gobe ka dawo kamar baka taɓa ba. Kuma don Allah a daina aske irin waɗannan karnukan wai don zafi, kare da haki yake rage zafin jikinsa, gashin saman nan shi ke kare fatar daga rana, in ka kwashe shi fatar na iya ƙonewa kuma wani lokacin gashin baya dawowa daidai. Tajewa ake yi a fitar da mataccen na ƙasa iska ta samu hanya.

Toh sai wani yace bari in ɗauki wanda baya zubarwa in huta. Babu hutu a nan ɗin ma gaskiya, aikin ne ya tashi daga tsintsiya ya koma mataji. Poodle, Bichon, Shih Tzu, Maltese, Yorkshire Terrier gashinsu ci gaba yake da tsawo, wanda ya mutu kuma baya faɗuwa ƙasa sai ya maƙale cikin sauran ya cukurkuɗe, musamman bayan kunne, hammata, ƙarƙashin abin wuya da gindin wutsiya. Ka ga kare daga sama yayi kyau, ka sa yatsa ciki ka ji curi mai tauri manne da fata, yana jan fatar duk motsin da yayi, danshi ya taru ƙarƙashi, kaska da ƙuma su samu maɓoya, ciwo ya fito ba wanda ya sani. In kuma ka yi masa wanka baka warware ba ruwa ƙara ɗaure curin yake. Irin waɗannan suna son taza kusan kullum da aski duk sati 4 zuwa 8, ko ka koyi riƙe injin aski da kanka ko ka riƙa biyan mai yi har iya rayuwar karen, kuma ƙananan nan suna kai shekara 12 zuwa 15.

Masu atishawa da ƙaiƙayin ido in sun kusanci kare, kar a yaudare ku da cewa akwai irin da baya tada wannan atishawa da ƙaiƙayin, wato alaji, sam. Abin da ke tada shi wani furotin ne da ke cikin yawun kare da amosanin fatarsa, gashin ɗaukarsa kawai yake yana yawo dashi. Ka je ka zauna da karen da kake so na wasu awowi, ka maimaita, ka ga yadda jikinka zai yi. Su Labradoodle ma da ake ta yayi, tunda haɗin Labrador da Poodle ne kwikwiyo na iya ɗauko gashin uwa ko na uba ko ya haɗa duka biyun, mai zuba kuma mai cukurkuɗewa.

Sannan gyara bai tsaya a gashi ba. Cocker Spaniel da Basset masu dogon kunne a rufe sai ana duba kunnen ana busar dashi, Bulldog da Shar Pei sai an bi lanƙwasar fatar an goge an tsane in ba haka ba ta yi wari ta yi ja. Farce kuma kowane kare sai an yanke, da hankali don akwai jijiya a ciki.

In kana son mai sauƙi da gaske duba irin su Basenji ɗan asalin yankin Kongo, gashi gajere, yana lasar jikinsa yana tsaftace kansa, buroshi sau ɗaya a sati ya ishe shi, ko Greyhound ko Doberman. Kafin ka biya kuɗi ka nemi ganin uwar, ka shafa bayanta da hannu ka duba tafinka, don gashin kwikwiyo yana canzawa yayin da yake girma, in ba haɗi bane na uwar ne zai nuna maka abin da zaka zauna dashi.