Madubin da na saya wa Kawu

Kawuna maharbi ne tun yana saurayi. Yanzu da girma ya zo, bindigar iska yake sagalawa ya nufi bayan gari neman fakara da hasbiya, amma ido ya fara gajiya. Ranar da ya ce mini da zarar rana ta yi ja tsuntsu ke ɓace masa, na ƙudura in yi bajinta. Na ga wani yana tallan madubin bindiga a WhatsApp, ƙato, gilashinsa ja wur yana sheƙi, an rubuta 6-24x50 a jiki. Ban ko taya ba, na tura kuɗi.

Kawu ya juya shi a hannu, ya ce, "Allah ya yi albarka, ɗana." Daga nan ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon madubi da abokinsa ya taɓa ba shi aro bai karɓa ba, duk fenti ya goge, 3-9x40, an buga Japan a ƙarƙashinsa. Ya ce mu gwada su tukuna.

Muka bar bindiga a gida, muka hau Dutsen Dala da madubai biyu a jaka. Kuskuren farko shi ne zuwa da tsakar rana. Ga hazo, ga kawalwalniya tana rawa a kan rufin kwano, kowane madubi ka ɗaga sai ka ga gari yana ninkaya. Da rana tsaka ma ko gilashin banza yana nuna haske. Muka sauko, muka koma bayan la'asar sakaliya.

A nan na fahimci lambobin da na biya kuɗi dominsu. Na farko, wato 6-24, yawan kusantowa ne da ake murɗawa daga ninki 6 zuwa 24, na ƙarshe kuma, wato 50, faɗin gilashin gaba a milimita. In ka raba na ƙarshe da yawan kusantowar da ka murɗa, ka sami faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga idonka. Nawa a kan 24 ɗigonsa wajen milimita 2 ne kawai. Tsohon a kan 9 yana ba da sama da 4, a kan 6 kuwa kusan 7. Ƙwayar idon saurayi tana buɗewa har wajen milimita 7 a duhu, ta dattijo takan tsaya wajen 5. Ka riƙe madubin nesa da fuska ka fuskanci sama, za ka ga ɗigon da idonka, kamar ƙwayar gero ko ta masara. To da magariba ta gabato, na murɗa nawa zuwa ƙarshe na nufi Goron Dutse, sai duhu kamar na leƙa rijiya, kuma ko numfashi na yi hoton ya tsere.

Jan gilashin nan da ya ruɗe ni kuwa, kyan ɗan maciji ne. Kowace fuskar gilashi da ba a shafe ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske, kuma madubi ɗaya gilasai ne jere a cikinsa, kowanne da fuska biyu. Shi ya sa ake yi musu shafe, wato wani siririn rufi da ke rage mayar da hasken, dabarar da kamfanin Zeiss na Jamus ya yi wa rajista tun 1935. Shafe na ƙwarai ba ya ɗaukar ido, ɗan kore ne ko shuɗi-shuɗi a dishe. Wanda ka ga fuskarka tar a cikinsa, hasken da ya kamata ya shiga ne yake koro maka. Da nawa, farar hasumiyar masallaci ta koma kore-kore. Da na Kawu, fara ce kamar yadda take.

Kawu bai san ko ɗaya daga wannan lissafi ba, shi wayar lantarki ya sa a gaba. Ya ce, "Duba wayar can, ka kai ta gefe." A tsakiya ta fito sarai, amma da na matsar da ita bakin da'irar sai ta lanƙwashe, ta yi gemu na shunayya. A tsohon, siririya ta tsaya kusan har baki. Ya kuma sa na ɗora madubin a kan dutse, na saita giciyen saiti da ake gani a cikin madubin a kan wani tulu da bai fi taku talatin ba, na riƙa kaɗa kai hagu da dama. Giciyen ya yi ta yawo a kan tulun alhali madubin bai motsa ba. Yawancin madubai an daidaita su ne a kan yadi 100, shi kuwa mai bindigar iska a kusa yake harbi. Tsohon yana da zobe a gaba da ake murɗawa a gyara wannan. Nawa ma yana da zoben, sai dai murɗa shi da barinsa duk ɗaya.

Duk da haka Kawu ya ɗaura nawa a bindiga, don kada in ji kunya, na sani. Bindigar iska mai sifirin tana girgiza baya da gaba ne a harbi ɗaya, abin da kan kashe ko madubin da ya jure babbar bindiga. Ba a yi mako biyu ba giciyen ya karkace, wani abu ya fara ƙara a ciki in an girgiza. Mai sayarwa ya ce kaya in ya fita ya fita.

Na je na sami abokin Kawu na biya shi kuɗin tsohon, wanda bai kai rabin abin da na kashe ba. Jan kuwa yana hannun yara, suna leƙen tattabarun maƙwabta da shi daga kan soro.