Faifai biyu a akwati ɗaya ba kwafi biyu ba ne

Ɗan ƙanwata mai ɗaukar hoton biki ya turo min hoton wani akwatin NAS mai gurbin faifai biyu, ya rubuta a ƙasa: "Kawu, daga yau na huta da ɓatan hotuna." Shirinsa shi ne ya kwashe duk abin da ke kwamfutarsa da mimorin kyamara ya juye a ciki, sannan ya goge na asalin don ya samu wuri. Gogewar nan ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin ta nan aka kayar da ni.

Ga wanda bai san abin ba, NAS ƙaramar kwamfuta ce marar allo. Ana zura mata faifan ajiya, a jona ta da rawuta (na'urar da ke raba intanet a gida) ta kebul, sai duk wayoyi da kwamfutocin gidan su riƙa ajiye fayil a cikinta suna ɗauka. Masu sauƙin kuɗi irin su Synology DS223j da QNAP TS-233 suna zuwa ne babu faifai, kai za ka saya daban, kuma sau da yawa faifan biyu sun fi akwatin tsada.

Na haɗa nawa a tsarin da ake kira RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya nan take ake rubuta shi a ɗayan. Mai shagon ya ce min idan ɗaya ya mutu ɗaya na nan, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba, shi ne gogewa ma rubutu ce. Ka goge folda bisa kuskure, ta tafi a faifan biyu a daƙiƙa ɗaya. Fayil ya lalace a kwamfuta, manhajar daidaitawa, wadda ke sa abin da ke akwatin ya zama daidai da na kwamfuta, ta tura lalataccen ya hau kan mai kyau, a duka biyun. Tsawa ta bi ta wayar wuta, ɓarawo ya shigo, rufi ya yi yoyo da damina: akwati ɗaya ne, a wuri ɗaya. Ni manhajar daidaitawa ce ta ci ni. Na share wata tsohuwar folda a kwamfuta ina cewa ai tana cikin akwatin, ita kuma manhajar ta yi aikin da aka sa ta, ta share ta can ma. Kwandon shara na akwatin a kashe yake, don ban san kunna shi ake yi folda-folda ba. Zan iya cewa a lokacin babu mai yi wa mutum wannan bayani da Hausa, kuma haka ne. Sai dai gargaɗin yana nan rubuce a allon da na danna "na yarda" ban karanta ba. Amma tsakani da Allah, wa ke karanta waɗannan?

Na biyu, faifai. Na sayi na-hannu, waɗanda aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci, ina ganin faifai faifai ne. Kuɗin ba su kai ba a lokacin, ba rowa ba ce. To, araha ba ta ado. Faifan NAS dare da rana yake juyawa, shi ya sa ake ƙera masa irinsa daban, kamar Seagate IronWolf da WD Red Plus. A nan ma akwai rami. Faifai iri biyu ne ta fuskar yadda suke rubutu, CMR da SMR. Na SMR layukansa hawa kan juna suke yi, don haka idan aka matsa masa da dogon rubutu sai ya yi nauyi ƙwarai, wani lokaci har akwatin ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi, kuma an fi ganin haka daidai lokacin da ake sake gina RAID bayan ɗaya ya lalace. A 2020 aka gano wasu faifan WD Red masu girman 2TB zuwa 6TB na SMR ne ba tare da an rubuta a jiki ba, bayan hayaniyar ne aka ware na CMR aka sa musu suna Red Plus. Ka duba lambar samfurin kafin ka biya. In kuma dole sai na-hannu, ka sa a buɗe maka bayanan S.M.A.R.T., wato rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa da kansa, a gabanka: lamba 9 awannin da ya yi yana aiki ne, lamba 5 da 197 da 198 kuwa, masu ƙirga wuraren da suka lalace a faifan, in ba sifili ba ne, ajiye masa kayansa. Kada kuma ka koma ka yi faɗa da mai shago don faifan 4TB ya nuna maka kusan 3.6. Bambancin lissafi ne, ba cuta ba. Biyu kuma a RAID 1 girman ɗaya za su ba ka.

Wuta ita ce matsalar da littafin akwatin bai san da ita ba. Shi bai cika ci ba, mai faifai biyu yana jan wat 15 zuwa 20 in yana aiki, ƙaramar inbata ma ta riƙe shi. Abin da ba ya so shi ne a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, ko a yi ta sauyawa tsakanin janareta da wutar gari. Na yi shekaru ina jin faifan suna tsayawa cak suna sake tashi, ina cewa ai yana dawowa. Maganin shi ne UPS, na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, amma mai kafar USB da akwatin zai iya magana da ita, ta yadda in batir ya yi ƙasa zai rufe kansa cikin tsari. UPS marar wannan kafa jinkirta faɗuwar kawai take yi. A jona rawutar ma a jikinta. Sai zafi: yawancin waɗannan akwatuna an ƙera su ne su yi aiki har digiri 40, ɗakin kwano kuwa a Kano ko Maraɗi cikin Afrilu kan kai haka tun kafin faifan su ƙara nasu. Kada a kulle shi a durowa, kada a ajiye shi a ƙasa, a bar tazarar tafin hannu bayan fankar, a riƙa kaɗe masa ƙura lokacin hunturu.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni haushi da yaran yanzu. Kowa so yake ya buɗe akwatinsa daga ko'ina, ya tura wa amarya mahaɗi ta ɗauki hotunanta, sai ya kalli bidiyon minti uku ya buɗe ƙofa a rawuta don a iso akwatin daga intanet, shi ke nan. Ku tambayi masu QNAP abin da Qlocker, wani ƙwayar cutar kwamfuta mai garkuwa da fayiloli, ya yi musu a Afrilun 2021, ya ƙulle fayilolinsu da kalmar sirri ya ce a biya da Bitcoin. DeadBolt ya biyo baya a Janairun 2022. A Yunin 2021 kuma masu WD My Book Live suka wayi gari an share musu komai daga nesa, na'urar da aka daina sabunta manhajarta tun 2015. Duk waɗannan akwatuna ne da ke leƙe a intanet. Ni ma na buɗe nawa a wancan zamanin, Allah ne kawai ya kare, ba dabarata ba. Ka kashe UPnP, tsarin da ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa, a rawuta da cikin akwatin. Ka kashe asusun admin na asali ka ƙirƙiri naka da wani suna, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Ka kashe SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil da ƙwayar cutar WannaCry ta bi a 2017. In lallai sai ka shiga daga waje, yi amfani da Tailscale ko WireGuard, manhajojin da ke buɗe maka keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro zuwa gida. Ga masu amfani da layin waya ma kusan babu wani zaɓi, domin kamfanoni kan haɗa mutane da yawa a adireshi ɗaya, buɗe ƙofar ba zai yi aiki ba.

Na so in jera shawarwari goma, amma da na duba duk abu ɗaya suke faɗa. Kowane fayil da ba za ka iya sake samu ba ya zama yana wuri uku, a na'ura iri biyu, ɗaya kuma ba a gidan ba. Na kwamfuta ɗaya, na akwatin biyu, na uku faifan USB da za ka jona sau ɗaya a mako, ka kwafa da Hyper Backup, manhajar ajiya ta Synology, ko makamancinta, ka zare, ka kai shago ko gidan ɗan'uwa. Zarewar ce muhimmiya, don wanda ke jone kullum duk abin da ya sami akwatin zai same shi. Ka zaɓi ajiya mai riƙe tsofaffin zubin fayil ko bayan an canza shi, kamar File History a Windows ko Time Machine a Mac, ba daidaitawa tsura ba. Ka kunna kwandon shara a kowace folda. Kowa a gida ya samu asusunsa, yara kuma izinin kallo kaɗai.

In kuɗinka akwatin da faifai biyu kawai za su saya, kada ka saya. Sayi faifan USB biyu ka riƙa juya su, ya fi maka. Ko da yake, na san halinku, ba za ku juya ba. Mako biyu za a yi a manta, akwatin kuwa shi da kansa yake kwafa cikin dare ko kana barci. To saya ɗin, amma sa faifai ɗaya a ciki, na biyun ka mai da shi na waje. Masana za su ce na yi saɓo, su ce RAID fa? RAID don kada aiki ya tsaya ne ranar da faifai ya mutu. Kai ba banki ba ne, aikinka zai iya jira kwana biyu.

Kwafin farko a yi shi ta kebul, irin Cat5e ko sama, ba ta Wi-Fi ba. Kafar gigabit tana ba da wajen 110MB a daƙiƙa, 1TB zai ɗauki kamar awa biyu da rabi in fayilolin manya ne. Yawancin rawutoci masu araha kafarsu ta megabit 100 ce, aikin nan zai haura awa 24, ka zauna kana zagin akwatin alhali rawuta ce. Masu cewa a tura komai gajimare, wato ma'ajiyar intanet, kuma su yi lissafi: 1TB a gudun turawa na megabit 10 ya fi kwana tara ba tsayawa, ban da kuɗin data. Takardu da zaɓaɓɓun hotuna kawai za a kai can.

Kuma duk wata uku ka ɗauki folda ɗaya daga faifan wajen, ka dawo da ita a wata kwamfutar daban, ka buɗe hotunan ka gani da idonka. In ka sa wa ajiyar kalmar sirri, rubuta ta a takarda ka ba mahaifiyarka ta ajiye, ba a cikin akwatin ba.