Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mini a Zamana na Maroko

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdulillahi, na iso gida lafiya. Ƙafar da na ji wa rauni a girgizar ƙasar Maroko ta warke, sai ɗan ɗingishi idan na daɗe a tsaye, shi ma likita ya ce zai wuce. Gajiya ce dai ta yi mini rubdugu, ban ma san tana jikina ba sai da na haɗa ido da Mama a filin jirgi. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba ku yi mini afuwa, wallahi ba wulaƙanci ba ne, barci nake ramawa.

Ba zan sake ba da labarin daren Juma'ar 8 ga Satumba, 2023 ba. Kun gani a labarai, kun kuma karanta abin da na riƙa rubutowa duk sanda waya ta samu caji. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta yi sanadin rasuwar mutum kusan 3,000, mafi yawansu a lardin Al Hauz inda nake, da Tarudant da ke maƙwabtaka da mu. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu, tunda wanda gini ya rufta wa yana cikin waɗanda hadisi ya lissafa a shahidai.

Abin da ya kai ni can aikin sa kai ne, koyar da Turanci ga 'yan matan wani ƙauye a saman garin Amizmiz, cikin duwatsun Atlas. Yaran nan da yaren Tashelhit suke tashi a gida, a makaranta su haɗu da Larabci, a ɗora musu Faransanci, sannan ga ni na zo da harshe na huɗu. Duk da haka ba su taɓa yi mini fashi ba, domin sun san masu hawa dutsen Tubkal da baƙin da ke cika Marakesh galibi da Turanci ake samun aiki a wurinsu. Ni kuwa da ƙyar nake harhaɗa gaisuwa da yarensu, su yi ta dariya suna gyara mini. Lissafi kaɗai na riƙe da kyau, saboda zuwa kasuwar Talata ta Amizmiz.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa rubutawa ba, don duk sanda na fara sai hawaye ya hana ni. Bayan mun fito a daren, aka taru a fili cikin itatuwan zaitun, nesa da kowane bango. Ba lantarki, ƙura ta cika iska, ko'ina sai salati da kiran sunaye. Ina zaune a ƙasa ba takalmi, ba mayafi, jini na zuba daga ƙafata. Tsoron mutuwa ya zo ya wuce, wani tsoron ya maye gurbinsa: a nan ba wanda zai kira sunana. Kowa na neman nasa, ni kuma ba ta kowa ba ce. Da na maƙale a ciki, sai gari ya waye kafin wani ya tuna akwai baƙuwar malama a ɗakin baya.

Ana cikin haka sai ga wani dattijo da tocila, yana bi gida-gida yana tambayar ko kowa ya fito. Da ya iso kan matar da nake zaune a gidanta, wadda duk ƙauyen ke kira Lalla, ta fara taɓa kawunan mutanenta tana ƙirgawa, ta ce masa bakwai. Ya ce shi shida ya sani a gidan. Ba ta ce masa uffan ba, sai ta miƙo hannu ta ɗora a kaina, ta bar shi a nan har ya haska ni ya gyaɗa kai ya wuce. Sannan ta cire mayafinta ta lulluɓe ni, ta yage gefen zanenta ta ɗaure mini ƙafa, tana cewa, "'Yata, kar ki ji tsoro." Matar da rabin gidanta ke ƙasa kenan, kuma a lokacin ba ta san ko ƙanwarta da ke ƙauyen gaba tana raye ba. Washegari aka tabbatar mata ba ta tsira ba.

Na san mutanen can ba sa son a bayyana alherinsu, kuma Lalla ba ta karanta Hausa balle ta ji haushina. Amma sai na faɗa. Lalla, Allah Ya gina miki gida a Aljanna wanda ba ya rushewa, Ya jiƙan ƙanwarki, Ya raya miki jikokinki, Ya sa ki gama da duniya lafiya. Ko bayan gwamnati ta fara bai wa iyalan da abin ya shafa dirhami 2,500 a wata, kuɗin da bai kai ya kawo ba ga gida irin nata, ta ƙi karɓar ko sisi daga hannuna. Ranar da na matsa, fushi ta yi da ni na yini guda, ba ta sauko ba sai da na ci kuskus ɗin Juma'a har na ƙoshi a gabanta.

Ɗanta na biyu, wanda ya hau tudu da sassafe da wayata a hannu yana neman layi har saƙona ya isa wurin Mama, Allah Ya yi masa albarka. Saƙon kalma uku ne kawai, amma Mama ta ce shi ya sa ta iya tashi daga kan sallaya. Direban da ya ɗauke ni tare da masu rauni a bayan motarsa, yana kauce wa duwatsun da suka zubo kan hanya, ya ƙi karɓar kuɗin mai, Allah Ya buɗa masa. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗinke ni a farfajiya, domin ba mai yarda ya zauna ƙarƙashin rufi, Allah Ya saka mata. Limamin ƙauyen, wanda ko da masallacinsa ya tsage bai fasa karatun hizbi bayan Magariba ba, a tanti yake yi da ƙira'ar Warsh, ni kuma ina bi daga ɓangaren mata. Babu abin da ya kwantar mini da hankali a makonnin farko kamar wannan karatun. Allah Ya ƙara masa lafiya.

Da yawa kun tambaye ni, wasu da faɗa-faɗa, me ya hana ni tattara kayana in dawo tun farko. Abokan aikina da suka koma ƙasashensu ban ga laifinsu ba, kowa ya san abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Ni ɗalibaina ne suka riƙe ni. Makarantu sama da 500 suka lalace a yankin, aka kwashe dubban ɗalibai zuwa makarantun kwana a Marakesh, amma ƙanana da waɗanda iyayensu ba su yarda su yi nisa ba suka rage a ƙauye ba abin yi. Sai muka buɗe aji a tanti. Ba wani karatun kirki ake yi ba da farko. Babbar mota in ta wuce, ƙasa ta ɗan motsa, sai ka ga aji ya watse kowa ta yi waje. Na ajiye littafin nahawu, muka koma waƙoƙin ƙirga da wasan tambaya da amsa. Kiran suna da safe shi ne mafi wuya, saboda akwai sunaye biyu da na daina kira, kuma duk ajin sun san gurbinsu. Da sanyin hunturu ya sauko, dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, da barguna suke zuwa, alƙalami na rawa a hannu, amma suna zuwa. 'Yan matana, Allah Ya ba ku ilimi mai amfani, Ya cire muku wannan firgici.

Ƙungiyar da ta tura ni, ba zan ambaci sunanta ba. Sun biya kuɗin magani, na gode. Sai dai duk mai tura 'ya'yan mutane ƙasar da ba su da kowa, ya kamata lambar iyayensu ta kasance a hannunsa, ya kuma kira su tun kafin su ji a rediyo.

A gida kuma, godiyata ta farko ga Mama da Baba, waɗanda suka amince na tafi alhali ana ta zuga su, suka sake amincewa na zauna alhali zuciyarsu ba ta so. Yaya, kai da ka kwana kana kiran ofishin jakadanci a Rabat har aka gaji da muryarka, Allah Ya bar zumunci. Gwaggo da ta tare a wurin Mama ta hana ta zaman kaɗaici, maƙwabta da suka yi saukar Alƙur'ani, tsofaffin abokan karatuna da suka haɗa kuɗin da muka sayi barguna da littattafan rubutu, da ku da ban taɓa gani ba kuka riƙa yi mini addu'a a Facebook, Allah Ya biya kowa da mafificin alheri, Ya kare ku daga ganin irin wannan rana.

Akwai kuma 'yan uwa na jini da har yau ba su leƙa Mama ba, ko a waya. Na ji an ce wani ya tambaya wa ya aike ni. An ce zumunci a ƙafa yake, yanzu ma an sauƙaƙa shi ya koma ɗan yatsa. Ban riƙe kowa ba, na dai lura. Allah Ya yafe mana baki ɗaya.

Ina roƙon ku ci gaba da sa mutanen Al Hauz a addu'a, domin na baro da yawansu a tanti suna jiran a sake gini. Ya Allah Ka sanyaya zukatan iyayen da suka binne 'ya'yansu, Ka zama gatan marayun, Ka mayar musu da abin da suka rasa da wanda ya fi shi. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Masu son zuwa sannu da zuwa, ƙofa a buɗe take, amma don Allah ku bari sai bayan La'asar. Saƙonnin da suka taru kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya in sha Allah.