Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da aka shiga da Mma tiyata

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda muka karɓo hoton MRI ɗin bayan Mma, mahaifiyata, to yau daga nan zan ɗora.

Likitan ya kara hoton a jikin haske yana nuna mana da bakin biro, ya ce ƙasusuwan gadon baya na wajen kugu guda 5 ne jere, kuma ta cikinsu akwai hanyar da jijiyoyin ƙafa suke bi, to a bayan Mma tsakanin na 4 da na 5 hanyar ta matse sosai, ga shi kuma ɗaya ya ɗan zame gaba ya bar ɗan'uwansa. Sai a ranar na gane abin da na fi shekara biyu ina gani da idona. Daga gidanmu a unguwar Aboabo a Kumasi zuwa masallaci ba wani nisa, amma Mma sai ta tsaya sau uku ta dafa bango ta sunkuya, in ta ɗan jima a haka sai ta miƙe ta ci gaba, ashe sunkuyawar ce take ɗan buɗe hanyar jijiyoyin su samu sarari. Mu kuwa muna ta cewa sanyi ne, tsufa ne, an shafa man zafi, an yi ƙaho, an sha saiwa kala-kala. Matar da ta yi shekara talatin tana tashi ƙarfe uku na dare tana dama koko, ta ɗauki tukunya a kai har bakin tasha, ba ta taɓa yarda ta ce ga inda yake mata ciwo ba sai da silifas ya fara fita daga ƙafarta ta hagu ba ta sani ba, sannan fitsari ya fara kufce mata. Wannan na ƙarshen shi ne ya sa fuskar likitan ta canja, ya ce ba abin jira ba ne kuma.

A gida aka yi ta ja-in-ja. Kawu ya ce baya ba a taɓa shi da wuƙa, shi ya san wanda aka yi wa bai sake tashi ba. Wasu suka ce a kai ta Accra, ko asibitin Korle Bu ko na FOCOS da ke Pantang tunda su aikin baya suka shahara a kai, amma wa zai zauna da ita a can, wa zai dafa mata abin da za ta ci, ga yarana biyu a makaranta. Muka tsaya a Kumasi. Ban ga laifin Kawu ba wallahi, ƙanwarsa ce, tsoro ne yake magana a bakinsa, ni ma irin tsoron ne a cikina sai dai ni na ga hoton shi bai gani ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai har yau shi ne ranar sa hannu. Mma tana jin Tonanci sarai, wato yaren Asante, ciniki ya koya mata, amma da likitan ya fara haɗa Turanci da Tonanci sai ta juyo ta riƙe min hannu ta ce, "Ki faɗa min da Hausa, kuma kar ki rage min komai." Ya ce za su cire ɗan ɓangaren ƙashin da ya danne jijiyoyin, su ɗaure ƙashi biyun da kusoshin ƙarfe da sanduna don su haɗe su zama ɗaya, na faɗa mata. Ya ce za ta iya zubar da jini da yawa, ciwon zai iya kamuwa da ƙwayar cuta, kuma akwai yiwuwar jijiya ta taɓu, ƙafar ta ƙara mutuwa maimakon ta farfaɗo. Nan bakina ya yi nauyi. Zuciyata ta ce ki tsallake wannan, ki ce mata komai zai tafi daidai, ai ba wanda zai sani. Na kalle ta ita ma ni take kallo, sai na faɗa mata kamar yadda ya faɗa, kalma kalma, har da cewa aikin ba zai mayar da ita yarinya ba, abin da ake nema shi ne a tsayar da lalacewar kuma ciwon ƙafar ya ragu. Ta yi shiru ta jima, sannan ta ce, "To, bismillah," ta miƙa babban yatsa aka shafa masa tawada ta dangwala.

Kuɗi kuma wani labarin ne. Katin inshora ya taimaka a wasu abubuwan amma kusoshin ƙarfen nan mu muka biya. Da na faɗa mata adadin sai ta ce in mayar mata da shi tsohon kuɗi, don har yau Mma da kuɗin kafin 2007 take lissafi, lokacin da sidi 10,000 ya koma sidi 1, da ta ji miliyoyin sai ta ce innalillahi ta dafe ƙirji. Yaya ya turo daga Italiya, matan susunmu, wato adashe, suka ba ni kwasa tun kafin layina ya zo, dangi na Tamale da Nima suna ta turo abin da ya sawwaƙa ta MoMo, wato kuɗin waya, wani sidi 50 wani 200, duk da haka bai kai ba. Da daddare ta sa na jawo tsohuwar akwatinta ta ƙarƙashin gado, ta ciro ƙulli a cikin ɗankwali, kuɗin da take tarawa na zuwa Makka ne. Na ce Mma wannan kam a'a. Ta ce, "Da wace ƙafar zan yi ɗawafin? Ɗauki." Na ɗauka ina kuka.

Jini kuma samarin layinmu ne suka bayar, bayan sallar Juma'a liman ya yi sanarwa, mutum huɗu suka biyo mu har asibiti, ɗaya ma ban san sunansa ba, ya ce shi dai kokon Mma ya sha ya girma. Allah ya saka musu da alheri.

Daren da za a yi aikin an hana ta ci da sha tun tsakar dare. Ba ta yi barci ba nima ban yi ba, ina kan kujerar roba a gefen gadon, sai ta fara lissafa min basussuka a hankali kamar mai karatu, mai gero a kasuwa yana bin ta na buhu rabi, wance kuma ita take bi amma ta yafe kar a tambaye ta. Na ce Mma ki bar wannan maganar, ta ce a'a rubuta. Na rubuta a bayan takardar magani. Da asuba ta cire 'yan kunnenta da awarwaron da tun ina yarinya ban taɓa ganin hannunta babu shi ba, ta haɗa da carbinta ta zuba min a tafin hannu, wurin da awarwaron ya zauna ya yi fari-fari kamar zobe a fatarta. Suka sa mata rigar nan mai buɗaɗɗen baya da hula, nos ɗin tana kiranta Maame tana lallashinta, muka bi gadon har ƙofar da ba a wucewa.

Awa shida muka yi a benci. Kawu da ya ce kar a yi, shi ya riga kowa zuwa, ya zauna da carbi bai ce da kowa komai ba, ko ruwa bai sha ba. Duk sanda ƙofar ta buɗe sai cikina ya ɗuri ruwa. Bayan la'asar likitan ya fito ya ce an gama, an ƙara mata jini leda biyu, tana farfaɗowa. Da aka bar ni na shiga fuskarta ta kumbura saboda a kife aka yi aikin tsawon awanni, ga robar fitsari, ga wata roba tana fitar da jini daga bayan, ban san sanda na riƙe ƙarfen gadon ba. Nos ta yaye bargon ta ce Maame motsa yatsunki. Na dama suka motsa. Na hagun muka tsaya muna kallo, can sai babban yatsan ya ɗan ɗaga, kaɗan dai, amma ya ɗaga. Na fita da gudu na faɗa wa Kawu, dattijon nan ya yi sujada a ƙasan barandar asibiti.

Kwanakin da suka biyo baya su ne na san mene ne jinya. An koya min yadda ake juya ta gaba ɗaya kamar gungume, kafaɗa da kugu su tafi tare da filo tsakanin gwiwoyi, ba sunkuyo, ba murɗa jiki, ba ɗaukar kaya, don ƙashin sai ya yi watanni kafin ya haɗe. Amma abin da ya fi mata zafi ba ɗinkin ba ne, kunya ce. Ran farko da na sa mata fo na goge mata jiki sai ta juya fuska bango, hawaye na bin gefen kunnenta, ta ce, "Yau ni ce 'yata take yi wa wannan." Na ce Mma sau nawa kika yi min? Ba ta amsa ba, sai dai ta daina ture hannuna. Sallah ma ta dame ta, sai da malamin unguwarmu ya zo dubiya ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini, cewa ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan gefenka, sannan hankalinta ya kwanta, na riƙa kawo mata dutsen taimama a cikin jakata.

Rana ta biyu mai gashin ƙashi ya zo da sandar nan mai ƙafa huɗu ya ce yau za ta tashi, ni da kaina na ce ai ya yi wuri, ya ce kwanciyar ta fi haɗari don jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. Aka ɗaura mata bel, ta zauna jiri ya kwashe ta, aka jira, ta miƙe. Taku biyar ta yi daga gado zuwa taga, gumi na zuba, ina bayanta da hannuna a buɗe ban taɓa ta ba. Da ta isa ta tsaya tana numfashi ta ce, "Wutar nan da take bin ƙafata, ba na jin ta."

Ranar da aka ce za a sallame mu ne na tuna a ƙasa take kwana a kan katifa, kuma banɗakin gidanmu na tsugunno ne, mu gida takwas muke amfani da shi. Yadda muka yi da wannan, da rigimar da ta tashi tsakanina da matar Yaya a kan wa zai riƙe Mma, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.