Daga Tambuwal Zuwa Sakkwato Da Buta A Ƙarƙashin Kujera

Sau huɗu muka tsaya tsakanin Tambuwal da Boɗinga. Da ƙanena ya taɓa kafaɗata ya ce, "Yaya, a tsaya," sai in roƙi direba ya gangara gefen titi, yaron ya zaro buta ya shige cikin gonar gero. Allah ya saka wa fasinjojin nan, ko tsaki babu wanda ya yi. Wata dattijuwa da ta shiga a Shagari ta dube shi ta ce, "Ɗana, ai basir ne, a nemo masa sassaƙe." Shekara biyu ke nan muna jin wannan maganar. Ya sha sassaƙen, ya sha maganin atuni, jini da majina ba su ɗauke ba, har wandonsa sai da aka rage masa ƙugu.

Mun shiga Sakkwato rana ta take, muka wuce asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo karɓar sakamako, don a zuwanmu na baya an zura masa na'urar duba hanji. Likita ya juyo mana da hoton: bangon hanjin ja wur, kamar an kankare shi. Ya ce gyambon babban hanji ne, garkuwar jiki ce ke far wa hanjin mai ita, ciwon yakan lafa ya sake tashi. Wallahi jin sunan ciwon kaɗai sai da ya sauke mini wani nauyi.

Da kunya na ce, "Likita, na karanta a waya wai ana ɗibar bayan gidan mai lafiya a sa wa marar lafiya." Bai yi dariya ba. Ya ce gaskiya ne, ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikinsa ake nema. Ana gwada jini da bayan gidan mai bayarwa, a dama da ruwan gishiri, a tace, a shigar ta na'ura ko a kafso. A gwajin Kanada na 2015, ciwon ya kwanta wa 24 cikin 100 na waɗanda aka sa wa, waɗanda aka ɗura wa ruwa zalla don kwatantawa kuwa 5. Na Ostareliya a 2017 ya ba da 27 da 8, kuma sai da aka yi mako 8 ana ɗura musu, kwana 5 a kowane mako. Na lissafa a raina: mutum ɗaya ke nan cikin huɗu. Ga wanda ya yi shekara biyu yana kewayawa dare da rana, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai ya ɗaure fuska ya ce kada mu kuskura mu gwada a gida. A 2019 wani majinyaci ya rasu a Amurka saboda ƙwayar cuta mai bijire wa magani da ta biyo abin da aka sa masa. Can ɗin ma, gudawa mai yawan dawowa da ƙwayar cutar Clostridioides difficile ke jawowa aka amince a yi wa, na gyambon hanji ana kan bincike. Ya rubuta mana magungunan mesalazine da prednisolone, ya ce mu dawo bayan wata guda.

Muka kwana gidan kawu a Mabera. Washegari a tasha na roƙa masa kujerar bakin ƙofa. Kafin mu kai Boɗinga barci ya ɗauke shi a kafaɗata, ledar maganin na cikin aljihunsa, ni kuma na riƙe butar da ƙafata don kada ta kife.