Kawaici a kasuwa daban, a waya daban

Tun kullen korona na 2020 aikina ya koma cikin waya da laftof, har yau kuma bai koma ofis ba. Ina zaune a nan Gombe, abokan aikina wasu suna Legas wasu Abuja, ɗaya ma tana Ingila, ni nake riƙe lissafin oda da amsa wa kwastomomi. Da yamma kuma ina taya Kawuna da ke harkar wake da riɗi a kasuwar Tudun Hatsi, don shi ba ruwansa da latse-latsen waya, ni nake magana da masu saye na kudu. A wuraren nan biyu abu ɗaya na yi ta gani, kusan duk rigimar da ta tashi in ka bi diddiginta zaka tarar akwai wata magana da ya kamata a faɗa tun farko amma aka ji nauyi aka haɗiye ta.

Mu da kawaici da kara aka raine mu, kuma wallahi ina son wannan tarbiyya, ba zan so a ce mun rabu da ita ba. Amma kawaici yana aiki ne in ana ganin juna. Kawu in mutum ya tsaya gabansa yace "to Alhaji Allah ya kai mu" yana kakkaɓe hula yana kallon wani wuri, ya riga ya san babu ciniki, ba sai an ce masa a'a ba. Labarin zuciya ai a tambayi fuska. To a WhatsApp ina fuskar? Mutumin Ibadan da ka rubuta wa "ba damuwa in sha Allah" shi ya ɗauka an gama magana, har ya je ya yi wa nasa kwastoman alkawari, alhali kai a ranka nufinka zaka dai gwada ka gani. Kwana uku sai kira ya fara shigowa, kai kuma kunya ta hana ka ɗauka, daga nan an fara kiranka maƙaryaci kenan, bayan kai ko kusa ba ƙarya ka yi niyya ba.

Inda na fi ganin abin nan shi ne wajen awo. Ace "buhu nawa ne?" a amsa da kuɗi kawai, shikenan wai an yi ciniki. Wane buhu? Buhun da ake cika shi ya yi toliya har a ɗinke bakinsa da ƙyar, ko wanda aka ɗora a sikeli? Mudun wannan kasuwa ba shi ne na waccan ba, tiya ma haka, wanda ya taɓa auna hatsi a gari biyu ya san wannan. Don haka yanzu duk wanda ya tambaye mu farashi sai na rubuta masa komai a saƙo ɗaya, fari ne ko ja, manyan ƙwaya ko ƙanana, na bana ne ko wanda ya kwana a sito, kilo nawa ne a buhu, kuɗin ya haɗa da 'yan dako da lodi ko bai haɗa ba, wa zai biya kuɗin mota, sannan farashin nan zuwa yaushe yake, don kasuwar hatsi safe daban yamma daban, in ka ba mutum farashi ranar Litinin baka ce masa na yau ne kaɗai ba to zai dawo ranar Alhamis da sikirinshot yace ai ga abin da kace. Kuma yana da gaskiyarsa.

Har maganar magani ina faɗa tun kafin a tambaya. Masu saye sun waye sosai, balle tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015 saboda maganin ƙwarin da ake barbaɗa masa. In a buhun nan mai leda biyu a ciki aka adana shi ba tare da magani ba sai in faɗa, in an sa magani ma in faɗa. Kawu da farko yana ganin wannan tonon asiri ne, yace "wa ya tambaye ka?" Nace Kawu wanda ya ji daga bakinmu zai dawo gobe, wanda ya gano da kansa bayan kaya sun sauka a Legas ba zai sake kiranmu ba, kuma ba zai yi shiru ba sai ya gaya wa 'yan uwansa.

Lokaci ma haka yake. Mu da sallah muke auna rana, bayan azahar, bayan la'asar, an jima, da yamma. A tsakaninmu ya wadatar. Amma ko a cikin Najeriya rana tana riga faɗuwa a Gombe da wajen rabin awa kafin Legas, to "bayan magariba" ɗinka ba shi ne nasa ba, balle abokin aikin da ba Musulmi ba wanda bai ma san ƙarfe nawa ake la'asar ba. Sai ka rubuta ƙarfe, ka rubuta rana. In da na waje ne ka ƙara da cewa agogon Najeriya. Ingila daga Lahadin ƙarshe na Maris zuwa Lahadin ƙarshe na Oktoba lokacinmu ɗaya da su, daga nan sai su mayar da agogo baya mu riga su da awa ɗaya, kuma a makon da ake canjin nan ne zaka ga mutum ya shiga mitin shi kaɗai yana ta jira. Masu saro kaya kuma, Dubai suna gabanmu da awa 3, Chana da awa 7, ka tashi ƙarfe goma na safe kana sallama su na Chana suna shirin rufe shago. Sannan ranar Juma'a ka faɗa tun farkon fara aiki cewa daga ƙarfe kaza zuwa kaza kana masallaci, da azumi ka ce kar a sa maka mitin daf da shan ruwa. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba in an gaya masa da wuri, abin da ba sa so shi ne su neme ka su rasa.

Wannan rasawar ita ce babbar matsalar mai aiki daga gida a yankinmu, kuma ita ta fi ci min rai don sau da yawa ba laifin mutum ba ne. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala, netwok ya rikice a ƙasashen yammacin Afirka da dama. Wata na zagayowa, a Afrilu, aka lalata turakun babban layin wutar da ya taso daga Jos zuwa Gombe, muka yi makonni ba wuta, mutane suna layi a wajen masu cajin waya, mai sola ya zama ɗan gata a unguwa. Wanda ke zaune a ofis a Legas bai san wannan ba, shi dai ya ga ka daina amsa saƙo, kuma zuciya ba ta barin fili, sai ta cike masa gurbin da abin da ta ga dama, ko dai ka samu wani aikin ko kuma kana barci. Akwai wani yaro mai ƙoƙari da muka yi aiki tare, caji ya ƙare masa ga aiki bai gama ba, ya ji kunyar ya ce bai gama ba, sai yace a ransa bari in lallaɓa in gama tukuna sai in yi bayani gaba ɗaya. Kafin ya dawo an ba wani aikin. Da ya yi amfani da ɗan cajin da ya rage ya tura layi biyu, "ba mu da wuta, na gama rabi, sauran zuwa jibi ƙarfe 12", da har yanzu yana nan. Ko ba data ai akwai tes, akwai kira. Mummunan labari in ya zo da wuri ana iya yin dabara a kansa, a ɗaga wa kwastoma lokaci ko a raba aikin.

Sai boyis. Ni ba na cikin masu kushe saƙon murya, don shi ya shigo da irin su Kawu da iyayenmu mata masu sana'a a cikin gida cikin harkar nan, wadda ba ta iya rubutun boko ba yanzu tana sayar da turaren wuta da yaji har Fatakwal. Matsalarsa ɗaya, ba a iya bincika shi. Boyis na minti shida, gaisuwa da tambayar iyali da labarin ruwan sama, adadin kaya kuma yana can tsakiya, bayan sati biyu in an samu saɓani sai ka zauna kana ta sauraron tsofaffin saƙonni kana ƙara musu gudu ko zaka ci karo da wurin. Abin da nake yi, a yi boyis ɗin, a yi kiran, amma da an gama sai in rubuta abin da aka tsayar, adadi da kuɗi da rana da sunan direba da lambar mota, in ce a duba in haka ne a amsa min. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ne da a rubuta bashi.

Gaisuwa kam kar a yar da ita, amma a haɗa ta da buƙata. Mutum ya rubuta "Salam" ya tsaya, ka amsa bayan awa biyu, yace "ya aiki", ka amsa, yace "ya iyali", har rana ta faɗi ba a zo kan maganar ba. Ka yi sallamarka cikakkiya, ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka duk a saƙo ɗaya, in ya buɗe ya amsa gaba ɗaya. Abokan aikinmu na kudu kuma da suke shigowa kai tsaye ba ko sannu, na daɗe da gane ba raini ba ne, haka suka saba a wajen aiki.

A mitin na Zoom, wanda na kyautan ma minti 40 ne yake yankewa, na lura yaranmu su suka fi kowa shiru. An koya musu ba a katse babba, ba a yi wa na gaba musu, sai oga ya gama bayani yace akwai tambaya, tsit, kowa ya kashe kyamara don tattalin data, a tashi kowa ya tafi da fahimtarsa daban. Ina gaya wa ƙannena da suka fara irin wannan aiki, cewa "ban gane ba, a sake min" ba rashin ladabi ba ne, in kuma baki ya yi nauyi ka rubuta a wurin rubutu na mitin ɗin. Kafin a watse a tabbatar an san wa zai yi me, zuwa yaushe. Gyara kuwa ba a yin sa a guruf gaban kowa, rubutu ba shi da murya, kalmar da zaka faɗa da murmushi in ka rubuta ta sai ta fito kamar mari. Ka kira mutum shi kaɗai.

Kuɗi ma a kafa ƙa'ida tun ana dariya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koma taransifa, alat na bogi kuma ya yawaita, don haka tun a saƙon farko nake rubuta cewa ba ma lodi sai kuɗi sun zauna a asusu, hoton rasit ba ya wadatarwa, kuma ga kowa ne ba kai kaɗai ba. In aka turo min sabuwar lambar akawun a rubuce sai na kira na ji muryar mai ita, don ana sace WhatsApp ɗin mutane a yi ta karɓar kuɗi da sunansu.

Wurin da har yanzu yake buƙatar lallami shi ne manya. Akwai dattijan da in kun gama waya ka turo musu a rubuce sai ransu ya sosu, su ga kamar baka yarda da maganarsu ba, wani ma ya kira Kawu yace shekara nawa muna tare yau yaro zai kafa min sheda. Irin waɗannan ba na fara musu da rubutu, kira nake yi in gaishe su yadda ya kamata, in tambayi gida, in an gama ciniki sai in ce "Baba zan ɗan rubuta in turo, saboda direba da yaran sito kar su yi mana kuskure wajen lodi". Kuma gaskiya ce, saƙon nan ɗin shi nake tura wa direban da mai sito.